Mai Gadi Ya Gani, To Wa Zai Tasa?

Mu mutanen ƙauyukan bakin Shuɗin Nilu, daga Maiurno har ka haura Singa da Rusairis, ba baƙin sama ba ne. Watanni da dama a shekara a tsakar gida muke kwana, kowa a kan angarib ɗinsa, fuska na kallon taurari. Yaronmu tun bai iya ƙirga kuɗi ba ya san Kaza da 'Ya'yanta, ya san Zara, ya kuma san in Gamzaki ya fito to asuba ta gabato. Manomanmu kuwa da taurarin damina suke lissafi, su Zira'a da Nasara da Ɗarfa da Jabha, kowanne da kwanakinsa 13, in ban da Jabha mai 14. Tsofaffi sun sha gaya mana cewa kakanninmu da suka baro ƙasar Hausa bayan yaƙin Burmi na 1903, suka biyo Mai Wurno ɗan Sarkin Musulmi Attahiru har bakin wannan kogi, in rana ta yi zafi da dare suke tafiya, taurari na nuna musu gabas.

To amma kallon namu na kowa-da-kansa ne. In tauraro ya tsinke ya ja wutsiya, wanda ya gani sai ya yi salati, ya juya ya ci gaba da barcinsa. Gari na wayewa in ya ba da labari a ce mafarki ya yi. Ba mu taɓa tunanin akwai mutanen da sana'arsu ke nan ba, wato su kwana ido biyu, in sun ga abu su tashi wasu, wasun su ma su tashi wasu, har sai duniya ta zagayo. Wani ɗanmu da ke karatu a Khartum ne ya zo mana da wannan labari a hutun 2009, muna zaune wajen mai shayi bayan isha'i. Mun saurara don hira ce mai daɗi. Sai bayan shekara 11 muka gane ashe da mu ake.

Ga yadda abin ya faru. A daren 6 ga Oktoba 2008, wani ma'aikaci mai suna Richard Kowalski yana kan wardiyarsa a ɗakin duban taurari na dutsen Lemmon, a jihar Arizona ta Amurka. Aikinsa shi ne ya ɗauki hoton yanki guda na sama sau da yawa, da 'yan mintoci a tsakani, ya duba ko akwai ɗigon da ya gusa. Taurari na nan inda suke, abin da ya gusa kuwa kusa yake da mu. A daren nan ya ga wani ɗan ɗigo yana tafiya. Ya auna, ya aika da awon zuwa cibiyar da ke tattara labarin ƙananan duwatsun sama a garin Kambirij na jihar Masacusets, kamar yadda ya saba aikawa kullum. Shi kansa bai san abin da ya gani ba.

Da shugaban cibiyar, Tim Spahr, ya duba lissafin da safe, sai ya ga dutsen nan duniya ya nufo kai tsaye, kuma saura ƙasa da kwana ɗaya. Bai tsaya jiran taro ba. Ya kira masana na hukumar NASA a Kaliforniya, su ma suka lissafa, suka samu daidai da nasa, har suka faɗi wurin da lokacin: arewacin Sudan, wajen asubahin 7 ga wata. Aka sa wa dutsen suna 2008 TC3, aka watsa sanarwa ga duk mai madubin hangen taurari a duniya. Tun da ake, ba a taɓa hango dutse a sama kafin ya faɗo ba sai wannan karo.

Nan ne fa aikin ya fara. Mai karatu ya tuna, madubi ba ya gani da rana. Gari na wayewa a Amurka sai na can su rufe, ya rage ga waɗanda dare ya iske. Haka aka yi ta miƙa shi hannu da hannu, daga Amurka zuwa Ostareliya, daga can zuwa Turai, kowa ya auna ya aiko, ana gyara lissafi. A cikin sa'o'i kamar 19, wurare fiye da 20 suka aiko da awo fiye da 500. Wasunsu manyan masana ne, wasu kuwa mutane ne masu sha'awa kawai, da ɗan madubinsu a bayan gida. A tsibirin La Palma na ƙasar Sifen akwai wani babban madubi mai faɗin mita 4.2 da ake kira William Herschel. Waɗanda ke kan aiki a daren nan suna da nasu binciken, amma suka ajiye shi, suka juya madubin, suka rarrabe hasken dutsen don a san irin ma'adinin da ke jikinsa. Kimanin sa'a ɗaya kafin ya iso, dutsen ya shiga inuwar duniya, ya ɓace wa kowa. Wanda bai auna ba kafin lokacin, to ya rasa har abada.

Har ila yau saƙon bai tsaya a wajen masana ba. Wani mai hasashen yanayi a ƙasar Holan ya sanar da kamfanin jiragen KLM, aka gaya wa matuƙan wani jirgi da ya taso daga Johannesbag za shi Amsterdam su sa ido. Suna sararin samaniyar Cadi suka hango walƙiyar daga nesa, a daidai lokacin da aka faɗa. Ƙarfe 5:46 na asuba agogon Sudan, dutsen ya shigo da gudun fiye da kilomita 12 a kowane sakan, ya tarwatse a tsayin kilomita 37 a saman hamadar Nuba. Girmansa kamar mita 4 ne, nauyinsa kamar tan 80. Mutanen Wadi Halfa da suka fito sallar asuba sun ga hasken, wasu ma sun ɗauki hoton hayaƙin da ya bari da wayoyinsu. Mu kam, da ke kudu da wajen kilomita 800, ba mu ga komai ba. Mako guda ke nan da ƙaramar Sallah, hankalinmu na kan dawa da riɗi.

A watan Disamba na shekarar, Dokta Mu'awiya Shaddad na Jami'ar Khartum da wani masani daga Amurka, Peter Jenniskens, suka ɗebi ɗalibai da malamai 45 suka shiga hamada, kusa da tasha ta shida a layin dogon da ya haɗa Wadi Halfa da Abu Hamad. Suka jeru sahu guda kamar masu shuka, suna tafe suna duban ƙasa. Ranar 6 ga Disamba wani ɗalibi ya tsinci baƙin dutse na farko. Daga baya an tara gutsattsari kamar 600, nauyinsu duka bai wuce kilo 11 ba. Sunan tashar aka ba su, Mahaɗɗa Sitta, Turawa na rubuta Almahata Sitta. An samu ƙananan ƙwayoyin lu'ulu'u a cikinsu, har wani bincike na 2018 ya nuna cewa sun samu ne a cikin wata tsohuwar duniya da ta farfashe tun farkon halittar rana da duniyoyinta.

Da ɗan namu ya kai nan, kowa na ta mamakin lu'ulu'u. Sai wani dattijonmu, wanda ya yi shekaru yana gafir a kan tur'a a Jazira, ya ajiye kofinsa ya ce, "Kai yaro, bar zancen lu'ulu'u. Shi mutumin farko, da ya gani, wa ya gaya wa?"

Yaro ya ce, "Cibiya guda ce, Baba. Kowa ya san ita ake gaya wa."

"In ya gaya musu kuma ashe ba komai ba ne, dariya za a yi masa?"

"A'a, Baba. Kullum ana aikowa, yawanci ba komai ba ne. Aikinsa ya faɗa, tantancewa aikin wasu ne."

Tsoho ya gyaɗa kai ya ce, "To ai wannan aikinmu ne na gafir. Ruwa in ya fasa Abu Ishirin da tsakar dare, ganinsa ba shi ne wahala ba. Wahalar ita ce ka san ƙofar da za ka buga, shi kuma mai ƙofar ya yarda ya bar barcinsa." Muka yi dariya, aka ƙaro shayi, aka shiga wata hirar.

Daga baya mun ƙara fahimtar yadda masu wannan aiki suka tsara kansu, kuma maganar tsohon nan ce dai. Babban madubi kamar ruwan hawasha yake, rabo ake yi. Masani kan nemi dare biyu ko uku tun watanni kafin lokacin, ya yi ta jira. Saboda haka in sanarwa ta zo a daren da yake nasa, a ce ya bari a juya madubi wani wuri, ba ƙaramin abu aka roƙe shi ba. Don kada a tsaya gardama a lokacin da minti ke da tsada, sai suka yi ƙa'ida tun da rana tsaka. An rubuta irin abin da ya isa a katse aikin wani dominsa, an san wanda ke da ikon cewa a katse, an san yadda za a rama wa wanda aka katse. Kowace ƙungiya tana da mai wardiya wanda wayarsa ba ta mutuwa, in bai amsa ba akwai na biyu. Wanda ya duba kuma, ko ya gani ko bai gani ba, wajibi ne ya sanar, don kada mutum goma su taru a wuri ɗaya a bar wani wurin ba kowa.

Ba don duwatsu kaɗai ake wannan ba. Akwai abubuwa da yawa a sama da kan haska na ɗan lokaci su dushe, kamar tauraron da ya fashe a ƙarshen rayuwarsa. Alal misali, ranar 17 ga Agusta 2017 na'urorin LIGO a Amurka da Virgo a Italiya suka nuna cewa wasu matattun taurari biyu sun yi karo, amma yankin saman da suka nuna yana da faɗi ƙwarai. Masana suka raba garken taurarin da ke yankin a tsakaninsu, suka jira dare ya yi a ƙasar Cile. Bayan sa'o'i kamar 11 wani ƙaramin madubi mai faɗin mita 1 ya gano hasken. Cibiyoyi kusan 70 suka bi shi, har da na Afirka ta Kudu, daga nan ne aka tabbatar irin wannan karo na cikin hanyoyin da zinariya ke samuwa.

Kuma kada a ɗauka kullum ake dacewa. Ranar 15 ga Fabrairu 2013 wani dutse mai kusan mita 20 ya fashe a saman Celyabinsk ta ƙasar Rasha. Ta ɓangaren rana ya ɓullo, ba madubin da ya gan shi. Mutane suka ga haske suka taso bakin taga kallo, sai ƙarar ta iso ta farfasa gilasai, aka raunata wajen mutum 1,500. Da an samu mai cewa ku nisanci taga, da yawansu ba abin da zai same su. Ko a ƙasar kakanninmu an yi. Ranar 3 ga Oktoba 1962 a Zagami ta lardin Katsina, dutse mai kilo 18 ya faɗo 'yan taku kaɗan daga wani manomi a gonarsa, daga baya aka gane daga duniyar Mirriku ya fito. Shi wannan bawan Allah ba wanda ya yi masa gargaɗi, kwana ne kawai ya yi masa saura.

Yanzu bari mu zo kan namu. Damina ta 2020 ba wanda zai manta da ita a Sudan. Kogi ya cika ya wuce alamar 1946 da ta 1988, mutum wajen 100 suka rasu, gidaje fiye da 100,000 suka rushe ko suka lalace, har gwamnati ta kafa dokar ta-ɓaci ta wata uku a farkon Satumba. Mu a ƙauyenmu muna da injinan ban ruwa a gangaren bahar, a gonakin jarf inda muke albasa da tumatir da kuɓewa. Al'adarmu in ruwa ya fara hawa sai mu ja su sama, amma akwai guda uku da muka bari a kan wani ɗan tudu da ruwa bai taɓa kaiwa ba tun muna yara.

Wani dare, wajen ƙarfe 11, wani ɗan'uwanmu mai kamun kifi a sama da mu ya ga ruwa na tahowa da irin ƙarfin da bai saba gani ba. Ya yi abin da ya kamata, ya kira. To wa ya kira? Ya kira wanda yake da lambarsa, shi kuwa wayar tana shagon caji tun magariba. Ya kira na biyu, wannan ya ɗauka, amma ya ce a ransa bari gari ya waye ya je ya gani da idonsa, don shekarar da ta wuce ya taɓa tashin mutane a kan ruwan da bai zo ba, aka yi wata guda ana yi masa ba'a. Na ukun da labari ya iske ya ɗauka ai tun da an kira wane, to kowa ya ji. Mutum uku suka kwana da labarin a cikinsu. Da asuba muka gangara, tudun babu shi, injinan babu su, da buhunan irin albasa da ke rumfar. Wani yaro da ke kwana a rumfar Allah ne ya tashe shi, ya fito ruwa na dukan ƙirjinsa. Injin guda na wata gwauruwa ne mai 'ya'ya biyar, da kuɗin awakinta ta saya.

Mun so mu ɗora wa wani laifi, amma da muka zauna muka bi zancen daki-daki, sai muka ga kowa cikinmu yana da kaso. Mu ne muka yi wa mutumin nan ba'a. Mu ne ba mu taɓa cewa ga wanda za a kira ba. Labari ya iso mana sa'o'i shida kafin ɓarna, ja da injin kuwa aikin minti arba'in ne ga majiya ƙarfi shida. Mutanen da suka bi dutsen Mahaɗɗa Sitta ba su san juna ba, harshensu ba ɗaya ba, amma saƙo ya ratsa nahiyoyi a hannunsu bai faɗi ba. Mu 'yan uwa ɗaya uba ɗaya, saƙo ya kasa ƙetare lungu uku. A wannan zama ne wani ya tuno maganar tsohon gafir, wanda a lokacin ya riga mu gidan gaskiya, Allah Ya jiƙansa.

Abin da muka shirya ba wani abin a-zo-a-gani ba ne. Daga shigar Zira'a har ruwa ya fara ja, kowane dare akwai mutum biyu masu wardiya, an rubuta sunayensu a bangon shagon caji, kowa na gani. Waya guda muka saya ta gari, ita ce lambar da muka ba 'yan'uwanmu na ƙauyukan sama, tana kwana a hannun mai wardiya da cikakken caji. Muka kafa turke a gangare, muka yi masa zane uku. Ruwa in ya taɓa zane na farko mai wardiya ya tashi abokinsa, na biyu a tashi masu injina, na uku a buga ganga gari duka ya tashi, mu kuma kira ƙauyen da ke ƙasa da mu. Wanda aka gaya wa sai ya amsa da baki cewa ya ji, in bai amsa ba a je a buga masa ƙofa. Ƙa'idar da ta fi ba mu wuya ita ce ta ƙarshe: duk wanda ya tashe mu a kan ruwan da bai zo ba, godiya za a yi masa, wanda ya yi masa dariya kuwa shi zai karɓi wardiyar gobe. An yi gardama a kan wannan. Wani ya ce to ai yara za su mai da abin wasa. Wata uwarmu ta ce masa, "Ɗan nan, gara ka tashi sau goma a banza da ka kwana sau ɗaya a ruwa." A damina ta 2021 sau biyu aka tashe mu ba komai. Mun yi gunaguni a ciki, amma ba wanda ya furta.

Ba mu san cewa shirin nan zai yi mana wani amfanin ba. Yaƙi ya ɓarke a Afrilu 2023, ya iso Wad Madani a Disamba, ya iso Singa a ƙarshen Yuni 2024. A Fabrairu 2024 layukan waya suka ɗauke a yawancin ƙasar, wayar garin tamu ta zama kamar dutse. Amma jerin sunayen na nan a bango, kowa ya san ƙofar da zai buga, mun kuma riga mun koyi kada a raina mai kawo labari. Sai muka koma ga keke da jaki da yaro mai gudu, kamar yadda iyayenmu suka yi a 1988. Ba za mu ce wannan ya tsare mu daga duk abin da ya sami jama'a ba, mun yi rashi kamar kowa, wasunmu har yau ba su dawo ba. Amma akwai dare aƙalla biyu da mata da yara suka fita a kan lokaci saboda wani ya gani, ya faɗa, an kuma yarda da shi.

Masu duban taurari suna nan suna aikinsu. Shi Kowalski ya sake hango wasu duwatsun biyu kafin su faɗo, a 2014 da 2018, na biyun a Botswana ya sauka. An gina wani sabon madubi a Cile mai suna Vera Rubin, wanda ya fitar da hotunansa na farko a Yuni 2025, an kuma tsara shi ya riƙa aika sanarwa miliyoyi a dare guda, har sai kwamfuta ta tace kafin mutum ya duba. Duk da haka a ƙarshe mutum ne zai ɗaga waya, ya yanke shawarar barin aikinsa don na jama'a.

Kiranmu ga 'yan'uwa na sauran ƙauyuka, daga Jazira har Damazin, shi ne kada ku jira sai kun yi asarar da muka yi. Ku zauna tun rani, ku faɗi wanda za a kira, da wanda za a kira in shi bai amsa ba. Ku kafa turkenku. Ku bar yi wa mai gargaɗi dariya. Yaran da ke kwance a angarib suna ƙirga taurari kuma a bar su su yi tambaya, a mai da su makaranta da zarar hali ya yi, domin waɗanda suka tsinto dutsen Mahaɗɗa Sitta 'ya'yan ƙasar nan ne kamarsu. Allah Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya mai da kowa gidansa, Ya ba mu damina mai albarka.